DAGA GYAƊA ZUWA BIDA: INA HANNUWAN MAGARIYA DA DUNGAS SUKA KOMA?



Duk wanda ya tsaya tashar motar Magariya ko ta Dungas bayan an gama ɗaure hatsi ya san abin da ake gani. Samari ne da 'yan jakunkunansu, wani ya nufi Kano, wani Legas, wani Agadas ya jira motar Libiya ko ta Aljeriya ko ta ramin zinariya. Ka shiga ƙauye cikin sanyin Janairu, tsofaffi da mata da yara za ka tarar. A daidai wannan lokaci kuma rediyo na gaya mana cewa tattalin arzikin Nijar ya ƙaru da kashi kaza cikin ɗari, har ana lissafa mu cikin ƙasashen Afirka da suka fi saurin bunƙasa. Maganganun nan biyu duka gaskiya ne. To yaya aka yi ƙasa na ƙara arziki, 'ya'yanta kuma na ƙara watsewa neman abin sawa a baka? Amsar tana cikin tarihin wannan yanki namu, don an yi zamanin da kuɗin gwamnatin Nijar daga gonakinmu suke fitowa. Bari mu bi labarin a hankali.

Kafin zuwan Nasara, kakanninmu ba su san zaman banza da rani ba. Damina ta gona ce: hatsi, dawa, wake, auduga. Da an yi kaka sai kowa ya koma ga sana'ar gidansu. Masaƙa su kafa zare, marina su buɗe karofi, maƙera su hura wuta, majema su jeme fata, fatake su ɗaura wa jakuna kanwa da gishirin Manga su yi kudu, su dawo da goro da tufafi. Gidan sarautar Magariya reshe ne na gidan Daura, Dungas da Waca kuwa na cikin ƙasashen Sosebaki da suka shiga ƙarƙashin Damagaram a ƙarni na 19. Saboda haka zirga-zirga tsakanin nan da Daura da Kano ba tafiya ƙasar waje ba ce, shiga gidan dangi ne. Abin lura shi ne, mutum guda manomi ne da damina, mai sana'a ne da rani, kuma duk ayyukan biyu a gida yake yin su ko kusa da gida.

Faransawa sun kama Damagaram a 1899. Tsakanin 1906 da 1908 su da Ingilishi suka bi daji suna kafa alamun iyaka, waɗanda mutanenmu ke kira tangaraho, suka raba gona da gona, suka raba wa da ƙane. Sai suka aza lanho, kuma suka ce da kuɗi za a biya, ba da dame ba. Ga kuma aikin tilas, wanda ba a soke ba sai 1946. Wannan ne ya fara tura mutanenmu kudu: wasu gudun aikin tilas, wasu neman sulallan da za su canza su biya lanho.

Ana cikin haka jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya fara jigila sosai a 1912. Turawa sun yi zaton auduga za ta cika taragun, sai manoman Kano suka zaɓi gyaɗa, don ta fi kuɗi, kuma in kasuwa ta ƙi ana iya cin ta. Daga Kano noman gyaɗar sayarwa ya yi ta hawowa arewa har ya tsallako tangaraho. Ƙasarmu jigawa ce mai yashi, ruwan samanmu kuma ya fi na arewacin Damagaram, gyaɗa ta samu wurin zama. Zuwa shekarun 1930 Magariya ta zama ɗaya daga cikin manyan wuraren sayen gyaɗa na Nijar. Kamfanonin Faransa irin su CFAO da SCOA da 'yan kasuwa Kwarori suka kafa sikelinsu, suna saye ta hannun dillalai 'yan ƙasa.

A nan ya kamata mu tsaya mu duba da kyau, don nan ne sauyin aiki na farko ya faru. Gyaɗa ba ta fitar da mutum daga gona ba, amma ta canza abin da gonar ke yi: ta mai da ita wurin samun kuɗi. Kuma ta haifi ayyuka da yawa a gefenta. Akwai masu ɓarewa, masu awo, malaman sikeli masu rubutu, masu ɗinkin buhu, 'yan dako, masu jakuna da raƙuma da ke kai kaya kasuwa, direbobin manyan motoci da yaransu. Mata na soya ƙuli-ƙuli suna matse mai, harawa na zuwa ga dabbobi. In kakar gyaɗa ta zo, tela na samun ɗinki, mahauci na yanka, maƙeri na sayar da garma, mai shirin aure na aure. Kuɗin na shiga hannun dubban mutane ƙanana-ƙanana, su kuma su kashe shi nan cikin gari. Ta wani gefen kuma yadin kanti ya fara danne saƙar gida, masaƙa da marina suka yi ta raguwa. An samu, an kuma rasa.

Bayan samun 'yancin kai a 1960, gwamnatin Diori Hamani ta kafa kamfanin SONARA a 1962 ya riƙe cinikin gyaɗa zuwa waje, aka kuma kafa UNCC don ƙungiyoyin manoma da bashin noma. A shekarun nan gyaɗa da manta su ne fiye da rabin abin da Nijar ke sayarwa ƙasashen waje. A kakar 1966/67 abin da aka saya ya kai wajen tan dubu 190 na ɓararriyar gyaɗa, kuma mafi yawanta daga kudancin Damagaram da Maraɗi ta fito. Akwai masana'antar matse mai a Maraɗi, akwai a Matamaye, a farkon shekarun 1970 kuma aka kafa ta SEPANI a nan Magariya. Albashin ma'aikacin Yamai, da kuɗin gina lakwal, da man motar kumandan, babban rabonsu daga gumin manomin Bande da Sasumburum da Malawa yake fitowa.

Kada dai mu mai da wancan zamani aljanna, don dattawan da suka gan shi ba haka suke ba da labarinsa ba. Farashin da ake ba manomi gwamnati ke yanke shi, kuma ƙasa yake da abin da ake samu in an sayar a waje. Ribar na tafiya Yamai, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Da kuɗin ya shigo hannu, mai karɓar lanho na tsaye. Shi ya sa in farashi ya fi kyau a Najeriya, cikin dare jakuna ke tsallaka iyaka da buhuna, in ya fi kyau a nan kuma gyaɗar Najeriya ta hawo. Wani mai bincike da ake kira John Collins ya zauna ya yi nazarin wannan ciniki na Magariya tun daga shekarun 1930 har zuwa na 1970, ya nuna yadda gyaɗa ke bin farashi ba ta san tangaraho ba. Ban da haka, gona ta daina hutawa. Aka sare itatuwa aka faɗaɗa noma, ƙasa ta fara gajiya. Amma duk da wannan, akwai abu guda da ba a musu a kansa: a lokacin, in manomin Magariya ya samu, gwamnati ta samu, in ya rasa, ta rasa. Dole ta damu da iri da taki da hanyar da zai fitar da kayansa, don tuwonta a tukunyarsa yake.

Faɗuwar ba a rana ɗaya ta zo ba. Da ma Faransa na sayen gyaɗarmu da farashin da ya ɗara na kasuwar duniya, wajen 1967 zuwa 1968 ta janye wannan rangwame. Yaƙin Biyafara, daga 1967 zuwa 1970, ya kawo cikas ga hanyar da gyaɗar gabashin Nijar ke bi ta Kano zuwa bakin teku. Sai fari ya biyo baya, ya yi tsanani a 1973, dabbobi suka mutu, rumbuna suka bushe. Manomin da ya ga yunwa da idonsa ya ce hatsi tukuna, gyaɗa daga baya. A 1975 kuma kuturtar gyaɗa, wadda ƙwarin darɓa ke yaɗawa, ta share gonaki daga nan har Kano. Abin da SONARA ta saya ya faɗo daga tan dubu 190 zuwa 'yan dubbai kaɗan. Dalar gyaɗa ta Kano ma a shekarun nan ta ɓace. Masana'antar Magariya, da ba ta daɗe da fara aiki ba, ta rasa abin da za ta matse. SONARA ta yi ƙoƙarin komawa cinikin wake, daga ƙarshe ita ma ta rufe a ƙarshen shekarun 1980.

Da a ce haka kawai abin ya tsaya, da gwamnati ba ta da zaɓi sai ta zo ta tayar da noman da ya faɗi. Amma daidai lokacin sai wata ƙofa ta buɗe can arewa. Kamfanin SOMAIR ya fara fitar da yuraniyom a Arlit a 1971, COMINAK ya bi baya a 1978. Farashi ya tashi bayan rikicin man fetur na 1973. Seyni Kountché ya karɓi mulki ran 15 ga Afrilu 1974, kuma kafin shekarun 1970 su ƙare yuraniyom ya kai kusan kashi uku cikin huɗu na abin da ƙasa ke sayarwa waje. Da kuɗinsa aka shimfiɗa hanyar Tawa zuwa Arlit, aka yi manyan gine-gine a Yamai, aka ɗauki ma'aikata, aka kuma sauke wa talaka lanhon kai na gwamnati. Talakawa sun ji daɗin wannan sauƙi, ba wanda zai ce ba su ji ba.

Sai dai ga inda gizo ke saƙar. Kuɗin ƙasa ya tashi daga gona ya koma rami, amma hannuwa ba su bi shi ba, don ramin ba ya buƙatar su. Haƙar yuraniyom aikin injina ne. Ko a lokacin da take ganiyarta, ma'aikatan kamfanonin biyu 'yan dubbai ne kawai. Gyaɗa kuwa dubban ɗaruruwan gidaje take ci da su. Wato ƙasa ta canza abin da take ci da shi, amma mutanenta ba su samu sabon aikin da za su koma ba. Daga ranar kuma gwamnati ta daina jiran kakar Magariya kafin ta biya albashi. Da farashin yuraniyom ya karye a farkon shekarun 1980, sai aka wayi gari ga bashi, ga tsarin tsuke bakin aljihu na Asusun Lamuni na Duniya daga 1983, ga farin 1984. Gyaɗa ta tafi, yuraniyom ya yi sanyi, mutane kuma sun ƙaru.

To ina hannuwan suka koma? Bida. Cin rani daɗaɗɗen abu ne a ƙasar Hausa, amma daga shekarun 1970 ya tashi daga abin da wasu ke yi ya zama abin da kusan kowane gida ya dogara da shi. Lokacin Najeriya na cikin daular man fetur, naira na da ƙarfi, ana gine-gine ko'ina, masaƙun Kano da Kaduna na aiki dare da rana. Yaronmu ya je ya yi ga-ruwa, ko gadi, ko shayi, ko dako, ko leburanci, ya dawo kafin shuka da rediyo da keke da kuɗin aure. Amma wannan ƙofa ba tamu ba ce, mai gida na iya rufe ta duk sa'ad da ya ga dama. A Janairun 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta kori baƙin da ba su da takardu, fiye da mutum miliyan ɗaya, da 'yan Nijar a cikinsu. A Afrilun 1984 gwamnatin Buhari ta rufe iyaka, ba a buɗe ba sai 1986, ga shi kuma ana tsakiyar yunwa. Daga 1986 naira ta fara zubewa. Masaƙun da ke ɗaukar dubban ma'aikata suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya, su kansu 'yan Najeriya suka dawo suna gasa da mu a kan ƙananan ayyukan titi. Waɗanda suka koma acaɓa, Kano ta hana ɗaukar fasinja a babur a 2013, Legas ma ta hana a manyan unguwanninta.

A nan ne ilimin masana tattalin arziki zai taimake mu mu gane abin da ya same mu. Wani masani baƙar fata ɗan tsibirin Sen Lusiya, Arthur Lewis, wanda ya taɓa zama mai ba Kwame Nkrumah shawara, ya kuma samu kyautar Nobel a 1979, ya yi wani bayani a 1954 da har yau ake karantarwa. Ma'anarsa a taƙaice ita ce: a ƙasa matalauciya gona na ɗauke da hannuwa fiye da yadda take buƙata. In gida na da majiya ƙarfi biyar a gonar da uku za su iya nomewa, biyu za su iya fita ba tare da damen ya ragu ba. In waɗannan biyun suka shiga masana'anta inda aikin yini ɗaya ke samar da ninkin abin da gona ke bayarwa, arzikin ƙasa ya ƙaru, ko da ba a ƙara ko mutum ɗaya ba. Haka aka yi a Koriya ta Kudu, haka aka yi a Sin, inda a 1978 kusan kashi 70 cikin ɗari na ma'aikata manoma ne, yau kuwa ba su kai kashi 25 ba. Biyetnam ma wannan hanya ta bi a zamaninmu. Waɗanda suka bar gona a can sun faɗa masaƙa, da wurin haɗa takalma, da wurin haɗa wayar salula.

Amma sharaɗin shi ne inda mutum ya sauka ya fi inda ya taso. A 2011 wasu masana biyu, Margaret McMillan da Dani Rodrik, suka duba alƙaluman ƙasashe da dama, suka gano cewa a Afirka, musamman a shekarun 1990, sau da yawa ma'aikata na barin aiki ne su koma wanda bai fi shi amfani ba, wani lokaci ma bai kai shi ba. Irin wannan sauyi ba ya ɗaga ƙasa, yana iya ma ja da ita baya. Mu ba sai an kawo mana alƙalumma ba, mun san shi a gidajenmu. Saurayin da ya bar gona a Guci ya je yana tura kurar ruwa a Kano, ya fita daga noma a lissafin masana, ya shiga abin da suke kira ɓangaren hidima. Amma jarka nawa zai tura a yini? Bayan shekara goma yana wannan aiki, me ya koya da zai sa aikin yininsa ya ninka? Ƙarfinsa ne jarinsa, kuma ƙarfi raguwa yake yi. Ma'aikacin masaƙa in an kawo sabon inji abin da yake fitarwa na ninkawa. Mai ga-ruwa kuwa yadda ya fara haka zai gama. An gudu ba a tsira ba ke nan.

Yanzu ga man fetur. Matatar SORAZ da ke arewa da Damagaram ta fara aiki a Nuwamban 2011, tana iya tace ganga dubu 20 a rana. A 2012 tattalin arzikin Nijar ya ƙaru da fiye da kashi 10 cikin ɗari. A 2024 aka fara fitar da ɗanyen man Agadem ta bututun da ya kai kusan kilomita dubu 2 zuwa gaɓar tekun Benin, ƙaruwar shekarar ta haura kashi 8. Wannan abin farin ciki ne, kuɗi ne da ƙasa ke buƙata. Amma mu tambayi kanmu: mutum nawa ke aiki a matatar? Ɗaruruwa ne. Lokacin da COMINAK ta rufe a ƙarshen Maris 2021, bayan fiye da shekara 40 tana aiki, ma'aikatanta na dindindin wajen 600 ne. A ƙidayar 2012 kuwa gundumar Magariya na da mutum fiye da dubu 570, Dungas, da aka yanke daga jikinta a 2011, na da fiye da dubu 350. Ƙasar gaba ɗaya ta tashi daga mutum miliyan 5 a ƙidayar 1977 zuwa miliyan 17 a 2012, tana ƙaruwa da kusan kashi 4 cikin ɗari kowace shekara. Har yau fiye da kashi 70 na masu aiki a Nijar noma da kiwo suke yi, amma abin da suke samarwa bai wuce wajen kashi 40 na arzikin ƙasa ba. Shi ya sa in aka raba arzikin ƙasa bisa yawan mutane, aka cire tsadar kaya, rabon ɗan Nijar na yau bai koma inda yake a tsakiyar shekarun 1960 ba, zamanin gyaɗa. Rediyo bai yi ƙarya ba, tashar mota ma ba ta yi ƙarya ba. Arzikin na ƙaruwa ne a wurin da babu mutane, mutanen kuma na taruwa a wurin da ba ya ƙaruwa.

Ba muna zagin bida ba ne. Wallahi da ba don ita ba, da gidaje da yawa ba su ga ƙarshen bazara ba. Kuɗin da yaran nan ke aikowa shi ne tiyar hatsi, shi ne magani, shi ne kwanon rufi. Amma a lissafa abin da take ci. Gona na rasa mai kai mata taki da rani. Matan aure na shekara su kaɗai da yara. Wasu sun tafi ke nan, ko labarinsu babu. Kuma abin ya wuce maza: a Oktoban 2013 mutum 92 suka mutu da ƙishirwa cikin hamada a hanyar Aljeriya, mafi yawansu mata da yara, akasarinsu daga maƙwabtanmu na Kance. A nan gida kuwa, tun yunwar 2005 likitocin MSF ke aiki a Magariya, kuma duk damina sashen yara na cika da masu tamowa da zazzaɓin cizon sauro, a yankin da a da shi ke ci da gwamnati. Sauran sana'o'in da muka kama na bakin iyaka su ma rataye suke da shawarar wasu. An rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, an sake rufewa daga 2023 zuwa Maris 2024. Da Najeriya ta janye tallafin mai a Mayun 2023, dubban masu sayar da fetur a kwalba suka ga ribarsu ta narke cikin 'yan kwanaki.

Duk da haka, tarihin nan bai ƙare da baƙin ciki ba, don akwai abin da manomanmu suka yi da hannunsu wanda duniya ta zo kallo. Tun daga tsakiyar shekarun 1980, a Magariya da Matamaye da Mirya, mutane suka daina tumɓuke 'ya'yan gawo da ke tsirowa a gona, suka riƙa sassabe su suna reno. Masu bincike sun ƙiyasta cewa wajen eka miliyan ɗaya ta ma'aunin hekta ta sake rufuwa da itace a gundumomin nan uku. Da ma an san Sarkin Damagaram Tanimun da tsananin hana saran gawo tun ƙarni na 19, sai ga jikoki sun dawo da dokar ba tare da dogari ba. Gawo na zubar da ganye da damina ya ba gona taki, 'ya'yansa su ciyar da dabba da rani. Ga kuma fadamun Korama, inda ruwa ke kusa, ake noman rake da rogo da kayan lambu, musamman tun da aka ƙarfafa noman rani bayan farin 1984. Wake da riɗi sun maye wani gurbi na gyaɗa. Kiwon turka na ƙaruwa, har a hannun mata.

Matsalar ita ce kusan duk wannan ɗanye yake fita. Raken Bande da Waca a tsaye ake loda shi. Riɗi a buhu yake tsallaka iyaka, wasu su tace shi su sayar wa Asiya da sunan ƙasarsu. Shanu da awaki da ƙafarsu suke shiga kasuwar Maigatari ran Alhamis, fatarsu a Kano ake jeme ta. Duk wani aiki da ke tsakanin gona da mai saye na ƙarshe, wato tacewa, matsewa, niƙa, jima, ɗurawa a mazubi, adanawa, wani ne ke yin shi a wani gari, kuma sau da yawa ɗanmu ne ke yi masa dako a can. Ayyukan da za su riƙe samarinmu ke nan muke lodawa a mota tare da kayan.

Saboda haka in shugabanni da 'yan takara da masu ayyukan raya karkara suka zo, kada mu tsaya ga roƙon buhun shinkafa. Mu tambaye su wutar lantarki mai tsayawa, wadda injin matse mai da injin walda za su dogara da ita. Mu tambaye su hanyar da mota za ta shiga Dogo-Dogo da Kwaya da Yekuwa cikin Agusta. Mu tambaye su rijiyoyin noman rani, da iri mai jure cuta, da bashin da ƙungiyar mata masu ƙuli-ƙuli za ta iya ɗauka ta sayi inji, da makarantar koyon sana'a da yaro zai fito ya iya gyaran famfo mai aiki da hasken rana. Mu tambaye su kashi nawa na kuɗin man Agadem ke dawowa cikin waɗannan abubuwa. Mu kanmu kuma da aiki a gabanmu: ɗan bidar da Allah ya buɗa wa, da attajirin garinmu da ke zaune Kano ko Yamai, su tuna cewa injin niƙa guda a ƙauye ya fi shago na goma a birni amfani ga jama'a. Darasin SEPANI ma kada a manta da shi: masana'anta ba ta rayuwa in gonar da ke ci da ita ta mutu, dole a tayar da su tare.

Ba za a hana mutum barin gona ba, kuma bai kamata a hana ba. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai yau jikoki ashirin ke rabonta, ba za ta ɗauke su duka ba. Kowace ƙasa da ta ci gaba sai da manomanta suka ragu. Abin tambaya shi ne, in yaro ya ajiye hauya, me zai ɗauka, kuma a ina? Kakanninmu sun noma gyaɗar da ta gina Yamai. Ba mu roƙi a biya mu bashi ba, amma muna da bakin cewa arzikin da ke fitowa daga rami a zuba shi inda hannuwa suke.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare 'yan bidarmu duk inda suke, ya dawo mana da su lafiya. Amin.